Dubiyar Ɗan'auta

Sunansa na yanka Muttaka, amma ban taɓa ganin an yi amfani da shi ba sai a takardar asibiti. Ɗan'auta kowa yake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Ni Talatu ni ce ta fari, na girme shi da shekara goma sha bakwai. Ni na goya shi. Ni kuma na zauna a tsakar gidansa ina karɓar gaisuwar mutuwarsa, aikin da ya kamata a ce shi ya yi mini.

A Guri aka haife mu. Babanmu masunci ne, in ruwa ya janye kuma ya shiga noman fadama. Ɗan'auta yana da shekara uku shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu, ya tashi yana jan ta. Ba ya iya hawa goran kamun kifi ya bi masunta cikin ruwa, ba ya iya yini a sunkuye da fartanya. Wata rana Baba ya daɗe yana kallonsa, sai ya ce, "Wannan sai dai biro." Ba yabonsa yake yi ba.

A lokacin ina aure a Haɗeja, ina buga tafireta a ofishin wata makarantar 'yan mata. Na ɗauko shi ya yi karatu a hannuna. Bai yi fice a aji ba, kuma ba zan ƙara masa abin da ba shi da shi don ya mutu ba. Lissafi ya ba shi wahala, Turancinsa na karantawa ne, ba na magana ba. Amma yana da haƙurin zama da abu har ya gane kansa. Na koya masa bugu a kan wata tsohuwar tafireta da ofis ya yar, wadda harafi ɗaya yake maƙale mata. Sai da ya kwance ta ya gyara harafin, sannan ya yarda ya fara koyo. Da ita ya yi shekara goma a gindin wata darbejiya kusa da kotu, yana buga wa mutane takardun koke da na neman aiki.

Da aka kawo kwamfuta ofishinmu, ni ban so ta ba, ita ma ba ta so ni ba. Shi kuwa in an tashi daga aiki sai ya jawo ƙafarsa ya zo, ya roƙi shugabar makaranta ta bar shi ya zauna a gabanta. Cikin shekara biyu, waɗanda aka tura kwas Kano suka koma zuwa tambayarsa. Ya kama ɗan shago a hanyar tasha, ya auri Ramatu, 'yar maƙwabtanmu, mace mai sanyin hali. Allah bai ba su haihuwa ba. Suka zauna abinsu shekara ashirin da biyu, ban taɓa shiga tsakaninsu don sulhu ba.

Masu gyaran kwamfuta suna da yawa a garin nan. Inda ya bambanta da su, shi ba ya jira sai ta lalace. Yana da wani ɗan filas, irin wanda ake sokawa a jikin kwamfuta, da ya sa dukawa suka ɗinka wa gida na fata, ya rataya a wuya da igiya. In ka gani sai ka rantse laya ce. A cikinsa akwai wata 'yar manhaja. Ba shi ya ƙirƙire ta ba, bai kuma taɓa cewa shi ya yi ba. Ba ta gyara komai. Aikinta kawai ta bi kwamfuta ta duba tsaronta, ta jero abin da ta gani. Katangar da ke tare ɓarayin intanet, a tsaye take ko ta faɗi? Maigadin da ke kama bairos, wato cutar kwamfuta, a farke yake ko wani ya kwantar da shi? Sabuntawar da masu manhaja suke aikowa don toshe ɓaraka, an karɓa ko tana can tana jira a ƙofa? Akwai kalmar sirri, ko kowa ya zo ya buɗe? Abin da yake daidai ta sa masa kore, mai ɗan sakaci rawaya, mai haɗari ja. Katanga da maigadi duk sunayen da shi ya raɗa ne, don mutanen da yake hulɗa da su su gane.

Ita kanta manhajar tana da wani dogon suna na Turanci, amma shi Dubiya yake ce mata. Na tambaye shi dalili ranar da ya fara gwada mini ita.

Ya ce, "Yaya, in kin je dubiya kika ce wa mara lafiya yaya jiki, me yake ce miki?"

Na ce, "Da sauƙi."

"Ko yana gargara?"

"Ko yana gargara. In shi ba ya iya faɗa, na kusa da shi ya faɗa masa."

"To ita wannan ba ta karɓar da sauƙi. Ɗaga riga take yi ta duba da kanta, ta faɗi abin da ta gani ko ranka zai ɓaci. Irinki ce sak. Saura kaɗan na sa mata Talatu."

Na ce da na fasa masa baki. Ya yi ta dariya har yana riƙe da ƙafar tasa.

Duk Asabar ta farkon wata ba ya buɗe shago. Ranar dubiya ce. Da gidana yake farawa, don da na yi ritaya ya haɗa mini wata tsohuwar kwamfuta da nake buga wa matan unguwa takardu da ita. Ya sha koko, ya ci ƙosai, ya soka filas ɗinsa, ya yi mini faɗa in ya ga rawaya. Daga nan ya hau babur ɗinsa mai ƙafa uku ya zaga: kantin magani, Islamiyyoyi biyu, ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa, gidajen malamai. Wasu ba su kira shi ba, shi ya ɗora wa kansa. Na taɓa raka shi kantin maganin, na ji yadda suke yi da mai kantin.

"Alhaji, wata bakwai rabonta da sabuntawa. Kullum ta tambaye ka sai ka danna mata sai an jima."

"Ai lafiyarta lau, Ɗan'auta. Ka ga har mayafi na sa aka ɗinka mata, ko ƙura ba ta taɓa ta."

"Mayafi ba ya hana zazzaɓi, Alhaji. Kai da kake sayar da magani."

"Data take sha kamar raƙumi."

"To bari ta sha ta yau, ni na kawo tawa."

Haka ya yi shekara goma sha wani abu. Wasu suna ganin neman suna ne, wasu suna ganin rashin aikin yi ne. Ni dai na san waɗanda yake zagayawa ba su cika kawo masa gyara ba, wato da hannunsa yake rage wa kansa ciniki. Na faɗa masa haka. Ya ce ya sani.

Akwai wani aikin kuma da ya fi wannan damunsa, shi ne muryoyin Guri. Shekarun baya kacalla ta mamaye fadamarmu. Ciyawar ruwa ce da ta fi mutum tsawo, in ta kama wuri sai ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya kwanta a kan gonaki ya ƙi tafiya. Gonaki da yawa suka nutse, har da ta gidanmu, wadda muka bar wa ƙanena Yunusa saboda shi ne ya zauna a ƙauye. Iyakar gona a wurinmu ba a takarda take ba. A bakin tsofaffi take: daga bishiya kaza zuwa suri kaza. Ɗan'auta ya lura gonakin suna ƙarƙashin ruwa, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sai ya fara zuwa Guri duk Sallah da 'yar na'urar ɗaukar magana, ya zaunar da tsoho a inuwa, ya tambaye shi gonar wane daga ina ta fara, a ina ta tsaya. Ya tara sama da murya ɗari biyu. Babu wanda ya sa shi.

Wanda ya fi kowa sani shi ne Baba Fannami, tsohon da ya haura casa'in, mai Hausa gauraye da Barbarci. Ɗan'auta ya kunna mini tasa sau ɗaya. Ina tuna farkonta: "Kai gurgu, abin naka ya fara ji? To ya buɗe kunne da kyau, ba na maimaitawa." Sannan ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan ta Yunusa. Bayan wata biyar da yin wannan magana ya rasu.

Yunusa ma ya rasu gonar tana cikin ruwa. Ya bar matarsa 'Yar'azumi da 'ya'ya mata uku. Da saƙar tabarmar kaba ta riƙe su. Bara aka kawo injin yanka kacalla aka buɗe hanyar ruwan, ƙasa ta fito bayan shekara goma sha shida, baƙa wuluk, mai kyau, babu alamar iyaka ko ɗaya. 'Ya'yan mai gonar da ke maƙwabtaka da ita suka zo suka kafa turaku har tsakiyar ta Yunusa. Ba zan ce mugaye ba ne. Su ma ba su san iyakar ba, sai dai rashin saninsu gefensu ya karkata. Bulama, wato mai garin, ya ce kowa ya dakata, in ƙasa ta bushe za a zauna.

'Yar'azumi ta zo Haɗeja hankalinta a tashe. Ɗan'auta ya dafa baƙar jakar da yake ajiye laftof ɗinsa, ya ce, "Matar yaya, koma ki yi barcinki. Baba Fannami zai zo zaman nan da bakinsa."

Muryoyin suna cikin laftof ɗin. Ya kuma kwafe su a wani ɗan akwatin ajiya mai girman sabulu, saboda ko ɗaya ta lalace. Kuskurensa guda, duka biyun a jaka ɗaya yake ajiye su.

Wata Talata da safe, kwana uku bayan ya gama zagayensa na wata, ya buɗe shago ya sunkuya zai jona waya, sai ya faɗi. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar da ta ɗauke shi shekara hamsin ita ta tafi, ta bar shi da mara ƙarfin. Zaharaddeen, yayan Ramatu, shi ya ɗauke shi a kafaɗa ya sa a mota, shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti har mako guda. Ina faɗar wannan don a san ba mutumin banza ba ne. A asibitin aka cire wa Ɗan'auta igiyar wuyansa aka ba Ramatu. Aka sallamo shi ba ya magana. Mun ba shi biro a hannun hagu, abin da ya zana ko shi ba na jin zai iya karantawa.

Zaharaddeen sana'arsa turi, wato tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, yana da rumfa a kasuwa. Washegarin dawowa gida ya ce wa Ramatu kwamfutarsa ta mutu, ko za ta ara masa ta mijinta kafin ya samu sauƙi, tunda a ajiye take. Ramatu ba za ta iya hana yayanta ba, balle bayan abin da ya yi. Ina zaune a ɗakin ya shigo ya ɗauki baƙar jakar daga kan ƙusa, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Ɗan'auta," ya fita.

Ɗan'auta ya bi jakar da ido har labule ya rufe. Bakinsa ya yi ta motsi. Can sai ga kalma ta fito, ta farko tun da ya faɗi.

"Dubiya."

Ramatu ta fashe da kukan murna. Ni kuma na ce, "Ka ji shi. Mutane yake so." A asibiti likita ya hana a taru a kansa, sai na ɗauka kewa ce ta dame shi. Mutum yana kwance, rabin jikinsa a mace, ya ce dubiya. Wane Bahaushe ne zai ji wani abu daban? Wannan ita ce hujjata, kuma na san ba ta isa ba, don duk garin nan ni aka fara yi wa bayanin sunan.

Na tashi tsaye a kan lamarin, kamar yadda na saba. Na aika unguwarmu, na aika masallacinsu, na buga waya Guri. Mutane suka yi ta zuwa. Mata da kwanukan kunu, maza da ledar lemo da ayaba, mai kantin magani da 'yan Islamiyya aji guda. Kowa ya durƙusa ya ce, "Yaya jiki?" Ramatu ta ce, "Da sauƙi." Shi kuma ya kalli mutum ya ce, "Dubiya." Sai a ce, "Allah sarki, yana godiya."

Kullum ƙara faɗa yake yi, da ƙarfi, har jijiyar wuyansa tana tashi. Wani lokaci ya daki katifa da hannun hagu. Wani lokaci ya kai hannun ƙirjinsa yana lalube, mu kuma mu gyara masa riga. Ranar da mota guda ta zo daga Guri, ɗakin ya cika har tsakar gida, suna fita ya sake cewa dubiya, hawaye yana bin gefen fuskarsa. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Ɗan'auta, wai me kake so ne? Garin nan kaf an zo. Guri an zo. Gwamna kake jira?"

Ya rufe ido.

'Yar'azumi tana cikin waɗanda suka zo. Akwai wasa tsakaninsu irin na matar wa da ƙanin miji. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Kai malalaci, tashi. Ka samu ana dama maka kunu ka miƙe ƙafa. Zaman Bulama ya kusa, wa zai kai mini tsohon?" Ya damƙi bakin zaninta, ya riƙe gam, ya ce, "Dubiya. Dubiya." Ta ce, "To ai ga ni na zo, mijina. Ko so kake na tare?" Aka yi dariya. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsunsa.

Kwana ashirin da huɗu muna haka.

Ranar Asabar ta farkon wata na tashi na dama koko, na aika aka sayo ƙosai, ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya saba. Na yaye ƙyallen da ke kan kwamfutata ina karkaɗewa. Maƙwabciyata ta leƙo neman rariya, ta ce, "Hajiya, baƙi za ki yi?" Na ce, "A'a, mantuwa ce. Yau da yana da lafiya da yanzu ya zo dubiya."

Da kunnena na ji abin da bakina ya faɗa. Na ajiye ƙyallen. Ban ba ta rariyar ba.

Na tari adaidaita zuwa gidansa. Na ce wa Ramatu ina igiyar wuyansa. Ta ce layar? Tana cikin kwano a saman kabad. Na ɗauko, na shiga ɗakin, na ɗaga ta a gabansa. Ban taɓa ganin ido ya yi irin abin da nasa ya yi ba. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙusar da babu jaka, ya nuna ƙofa, ya yi ta kaɗa hannun, wato in yi sauri.

Na samu Zaharaddeen a rumfarsa, mutane biyar a tsaye, wayoyi a jone da laftof ɗin kamar 'yan tumaki a jikin uwa. Ɗan akwatin ajiyar ma yana jone.

Ya ce, "A'a, Hajiya da kanki? Lafiya? Jikin ne?"

Na ce, "Cire wayoyin nan. Ba ni kujera."

Na sha ganin yadda Ɗan'auta yake yi, kuma Turancin karantawa bai gagare ni ba. Na soka filas, na danna. Ta ɗan yi jim, sannan ta fara jerowa. Maigadi a kashe, kwana ashirin da huɗu. Ja. Katanga a kashe. Ja. Sabuntawa tana jira, an ɗage ta. Ja. Kalmar sirri an cire. Ja. Tunda nake ganin Dubiya ban taɓa ganin ta yi ja daga sama har ƙasa ba.

Na ce, "Wa ya kashe mata maigadi?"

Ya ce, "Wallahi Hajiya takura take yi. Duk memorin da na sa sai ta yi ƙara, ta goge wa mutane abubuwansu, ana ta yi mini tsiya. Shi ne wani ya nuna mini inda ake kashewa. Ai tana aiki lafiya lau, sai dai tun Laraba wasu fina-finan sun ƙi buɗewa."

"Me ka yi ranar Laraba?"

"Wata manhaja na sauko da ita ta kyauta, mai rage nauyin fim."

Na buɗe inda muryoyin suke. Sunayen suna nan, yadda ya jera su da hannunsa: sunan tsoho, unguwarsa, ranar da aka ɗauka. Amma kowane suna an liƙa masa wata jela ta haruffa marasa ma'ana. Na danna na Baba Fannami. Bai buɗe ba. Na danna goma, na danna ashirin. Na shiga ɗan akwatin ajiya, shi ma haka. A gefe ga wata 'yar takarda da Turanci, daga mutanen da ba su da suna ba su da gari, wai sun kulle komai, mabuɗin yana hannunsu, sai an biya su. Na duba ranar da aka taɓa fayilolin. Laraba, ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna.

Kwana uku. Da na gane ranar Talata, da na kunna maigadin, ko na ɗauke jakar na tafi da ita, shi ke nan. Kwana ashirin da ɗaya yana faɗa mini, muryoyin suna nan lafiyarsu ƙalau.

Zaharaddeen ya ga fuskata ya fara rantse-rantse. Ban zage shi ba. Shi bai san Dubiya ba. Na ce ya sa komai a jaka, na rataya, na fito.

Da na koma gidan na tarar da mata huɗu a ɗakin da kwanon fura. Na ce su ba mu wuri. Na mayar da jakar kan ƙusarta. Na rataya masa igiyarsa a wuya, na zauna a bakin gado. Yana kallona. Rabin fuskarsa a sake, rabin kuma duk tambaya ce.

Ya ce, "Dubiya?"

Shekarata saba'in da biyu. An san ni a dangi da cewa ba na rufa wa magana zani. Ni na gaya wa mahaifiyarmu Yunusa ya rasu, lokacin da maza suka tsaya suna inda-inda a zaure. Na buɗe baki zan ce masa ja ne, daga sama har ƙasa, kuma an kulle muryoyin.

Na ce, "Da sauƙi."

Ya daɗe yana kallona. Sai gefen bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga, irin yadda yake yi in ya kama mai kantin magani da ƙarya. Sannan ya juyar da kansa wajen bango. Shi ya koya mini abin da kalmar take nufi, ba zan ce bai gane ba.

Bai sake cewa dubiya ba. Bai sake cewa komai ba. Ramatu tana ba shi kunu yana karɓa, mutane suna zuwa yana kallonsu. Kwana tara bayan nan, ranar Litinin da hantsi, ya cika. Shekararsa hamsin da biyar.

Bayan addu'ar bakwai na sa aka kai ni Kano da jakar, wurin wani da aka ce ya fi kowa sanin irin wannan. Ya yini a kanta. Ya ce ya kori abin da ya shiga, amma kullen ba zai iya buɗewa ba, kuma kada in kula masu takardar, ba a cika samun komai daga hannunsu ba. Ya ce in ajiye fayilolin kada in goge, wani lokaci bayan shekaru akan samu mabuɗin irin wannan, wani lokaci kuma ba a samu.

Aka yi zaman Bulama bayan arba'in. Na je na ce na ji muryar Baba Fannami da kunnena, ya ce gonar Yunusa ta fara daga kututturen goriba, ta bi bakin ƙorama har suri. Bulama mutum ne mai kirki, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Hajiya, kowa ya san ba kya ƙarya. To suri biyu ne a wurin kafin ruwa ya cinye su. Na gabas ya ce, ko na arewa?"

Sau ɗaya na ji maganar, shekara takwas da suka wuce, ina tsinke zogale. Da na ce na gabas, babu mai ƙaryata ni, kuma da gonar ta dawo kusan duka. Na ce, "Ban riƙe ba."

'Ya'yan maƙwabcin gonar kuma sun zo da mutum biyu masu rai da suka ce na arewa ne, ko da yake lokacin da gonar ta nutse ɗayansu bai fara aske gemu ba. Aka ja igiya. 'Yar'azumi ta samu kamar kashi ɗaya cikin uku, ta ɓangaren kwari inda ruwa yake daɗewa bai janye ba. Sauran masu gonakin da muryoyinsu suke cikin jakar, kowa ya yi tasa rigimar yadda ya iya. Gida biyu har yau ba sa gaisawa.

A hanyar komawa na gaya wa 'Yar'azumi komai, har da abin da kalmar take nufi, har da kwanakin. Ba na son ta riƙa yi mini godiyar ɗawainiyar da na yi da masu dubiya. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Sannan ta ce, "Yaya, ni fa zanina ya riƙe ya faɗa mini. Na ce masa ga ni na zo." Ba mu sake tayar da maganar ba. Bana ta shuka shinkafa a ɗan abin da ta samu, ruwa ya ci rabi.

Ramatu ta gama takaba ta koma gidansu. Da aka zo rabon kayansa na ce ni jakar nake so, da igiyar. Babu wanda ya yi musu, don babu mai ganin amfaninsu.

Ba na zagaya gari, ƙafafuna ba za su iya ba, kuma ni ba shi ba ce. Amma duk Asabar ta farkon wata nakan sauko da jakar, in kunna laftof ɗin, in bar ta ta karɓi sabuntawarta, sannan in soka filas. Jiya ma na yi. Katanga a tsaye. Maigadi a farke. Babu abin da ke jira a ƙofa. Kore daga sama har ƙasa. Na buɗe inda muryoyin suke, na danna na Baba Fannami, kamar kowane wata. Bai buɗe ba. Na kashe, na mayar da ita jaka.